Shaidar da Wuta Ba Ta Ci: Gwanintar Masu Karanta Zirkon

A shekarar 1986 wasu masana uku a Ostareliya, Lance Black da Ian Williams da William Compston, suka fito da wata magana mai kama da almara. Sun ce sun tambayi wani dutse shekarunsa, ya ba su amsa huɗu, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. An farfaso dutsen ne daga tsaunin Sones da ke yankin Enderby a Antatika, can ƙuryar kudancin duniya inda ƙanƙara ta binne komai sai kawunan tsaunuka. Amsar farko ta ce shekara wajen miliyan 3,930. Ta biyu ta ce miliyan 2,950, ta uku miliyan 2,480, ta huɗu kuma wajen miliyan 1,000.

Da mutum ne ya tsaya gaban alƙali ya faɗi shekarun haihuwa huɗu, da tuni an yi waje da shi. To amma dutsen Sones ranar haihuwa ɗaya ya faɗa, wato lokacin da ya daskare daga narkakken dutse. Sauran ukun lokutan jarrabawa ne, da ya sha zafi da matsi a cikin ƙasa har kamanninsa suka sauya. Masu riƙe da wannan labari kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne a jikinsa, waɗanda ƙwayar gero ma giwa ce a gabansu. Sunansu zirkon. Sa su buɗe baki, da gane wace magana tasu ta shafi wane zamani, sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana cikin ayyukan hannu da ido da kwanya mafi ban sha'awa da na sani.

Dutsen da ya sake kama

Wani dutsen daga narkakken dutse ya daskare. Wani kuwa yashi ne ko laka da suka kwanta suka sandare. Akwai na uku, rikiɗaɗɗen dutse, wanda a da ɗaya ne daga cikin biyun nan, sai motsin ƙasa ya tura shi can ciki, nisan kilomita ashirin ko talatin ko fiye, inda zafi ke kai digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, ga nauyin tsaunuka a kansa. A can ba ya narkewa gaba ɗaya. Laushi yake yi, ana murɗa shi ana naɗe shi kamar kwaɓin alkaki, tsofaffin ma'adinai suna rushewa sababbi na tsirowa a gurbinsu. In ya dawo sarari sai a gan shi da zane-zanen fari da baƙi kamar saƙi. Irin wannan masana ke kira nais, kuma mafi yawan tsofaffin duwatsun duniya haka suke.

Matsalar mai binciken tarihi ita ce rikiɗa tana share sawu. Duwatsu da yawa suna ɗauke da agogo a jikinsu, amma yawancin agogon nan ba sa jure wuta. Ɗauki baƙin ma'adinin nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, wanda ake kira bayotait. Yana tara iskar agon a hankali, kuma da yawan iskar ake lissafa shekarunsa. Da zarar zafi ya wuce digiri 300 ko kusa da haka, sai iskar ta tsere, lissafi ya koma sifiri. Duk wanda ya tambayi bayotait, labarin hucewar ƙarshe kawai zai ji. Abin da ya faru kafin nan ya bi iska.

Ana bukatar mai shaida da zai shiga wutar tare da dutsen, ya fito da hankalinsa.

Me ya sa sai zirkon?

Zirkon haɗi ne na sinadarin zakoniyom da silikon da iskar oksijin. Tsawon ƙwayarsa a yawancin duwatsu bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita ba. Ya fi farin dutsen ƙanƙarar nan na kwaz tauri, ruwa ba ya cin sa, gogayyar kogi ba ta cika ƙarar da shi ba. Dutsen da ya haife shi zai iya ruɓewa ya zama yashi, yashin ya sake zama dutse, shi kuwa yana nan. Ƙwayar zirkon da aka samo a tuddan Jack Hills na yammacin Ostareliya, wadda Simon Wilde da John Valley da abokan aikinsu suka ba da rahotonta a 2001, ta ba da shekara miliyan 4,404, alhali duniyar kanta shekarunta wajen miliyan 4,540 ne. Mutanen Filato sun san shi ta wata fuskar: yana cikin yashi mai nauyi da ke saura in an wanke kuza.

Taurin kai kaɗai bai isa ya mai da shi mai shaida ba. Sirrin yana wurin wanda yake karɓa a gidansa da wanda yake kora. Lokacin da ƙwayar ke tsirowa, takan bar zarrar yuraniyom ta zauna a gurbin zakoniyom, domin sun yi kusa a girma da hali. Dalma kuwa ba ta samun wurin zama, a waje ake barinta. Shi yuraniyom ba ya tabbata a halinsa, a hankali yake lalacewa, mataki bayan mataki, har ya ƙare a dalma. Saboda haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikin zirkon a gidan aka haife ta. A auna yuraniyom da ya rage, a auna dalmar da ta taru, an san saurin juyawar, shekaru sun fito. Bertram Boltwood ne ya fara gwada wannan dabara a Amurka a 1907, Arthur Holmes na Ingila ya inganta ta a 1911. Ƙari a kan haka, ƙwayar zirkon mai lafiya tana riƙe dalmarta har zafi ya haura digiri 900, wato ta jure wutar da ke goge ƙwaƙwalwar sauran ma'adinai.

Baka da tsirkiya

Shari'a ba ta cika tsayawa kan mai shaida ɗaya ba, kuma a nan zirkon ya zo da arziki. Yuraniyom iri biyu ne a cikinsa. Akwai mai lamba 238, wanda rabinsa ke juyewa zuwa dalma mai lamba 206 cikin shekara biliyan 4.47. Akwai mai lamba 235, mai gaggawa, wanda rabinsa ke zama dalma mai lamba 207 cikin shekara miliyan 704. Agogo biyu ke nan a gida ɗaya, kowane da saurinsa, babu mai kwaikwayon wani. In sun faɗi shekara ɗaya, hankali ya kwanta, ƙwayar ba ta yi yoyo ba. In sun saɓa, wani abu ya taɓa ta.

Mai ƙaramin sani zai watsar da ƙwayar da shaidunta suka saɓa. George Wetherill, wani masani a Amurka, ya nuna a 1956 cewa saɓanin ma magana ce. Ya zana jadawali, agogo ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Duk wuraren da agogon biyu suka yi ittifaƙi, in an haɗa su, suna ba da layi mai lanƙwasa kamar baka. Ƙwayoyin da aka haifa rana ɗaya, sa'an nan wata wuta ta zo ta kwashe musu dalma, wata da yawa wata kaɗan, ba sa watsewa barkatai. Jeruwa suke yi a kan miƙaƙƙen layi, kamar tsirkiyar bakan. Inda tsirkiyar ta ɗaure a sama, nan ne haihuwa. Inda ta ɗaure a ƙasa, nan ne lokacin da wutar ta zo. Daga raunin ƙwayoyin aka gano ranar da aka ji musu raunin.

Daga guduma zuwa hantsaki

Aikin yana farawa a daji, kuma wanda ya yi kuskure a can babu na'urar da za ta cece shi. Gwani yakan daɗe a gaban falalen dutse kafin ya ɗaga guduma. Yana duba wane zane ne ya ratsa wane, wace jijiyar farin dutse ce ta yanke naɗi, wace ce aka naɗe tare da shi. Jijiyar da ta yanke naɗi ƙanwarsa ce, wadda aka naɗe kuwa ta girme shi. Da wannan karatun ido yake sanin jerin abubuwan da suka faru tun kafin ya san shekararsu, kuma da shi zai gwada kowace lamba da ɗakin gwaje-gwaje zai ba shi daga baya. Sai ya zaɓi wuri, ya farfaso kilo kaɗan, ya rubuta inda ya samo da yadda dutsen ke kwance.

A ɗakin gwaje-gwaje sai a koma aikin da kowace mace mai surfe za ta gane. A niƙa dutsen, a tankaɗe, a rairaye da ruwa a kan tebur mai girgiza yadda masu neman zinariya ke yi da kasko. Zirkon ya kusa ninka kwaz nauyi, don haka yakan tsaya a baya tare da masu nauyi. A bi da maganaɗisu a janye masu ƙarfe. A zuba sauran a wani ruwa mai kauri wanda kwaz ke yawo a kansa zirkon kuwa ya nutse. Daga buhun dutse abin da ke saura wani lokaci bai cika bakin cokalin shayi ba.

Tsabta a nan ta zama wajibi. Ƙwaya ɗaya tak da ta maƙale a rariya daga dutsen jiya za ta iya shiga cikin na yau, ta ba da shekarun da za su rikita tarihin yanki guda. Shi ya sa ake tsefe rariya rami-rami da allura, a wanke injin niƙa kamar za a ci abinci a ciki. Ɗan hakin da aka raina a wannan sana'a ba ido kaɗai yake tsonewa ba, suna yake zubarwa.

Daga nan sai zama a gaban madubin ƙara girma da hantsaki mai bakin allura, ana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya, dogaye da gajeru, masu haske da masu duhu, don kada son zuciya ya sa a ɗebi kyawawa kaɗai. A jera su a kan tef, a zuba musu roba mai daskarewa, ta zama faifai kamar kwabo mai kauri. Sai a goge faifan a hankali har a cinye rabin kowace ƙwaya, cikinta ya fito fili. In an zarce, cibiyar ta tafi, kuma ba ta dawowa.

Riga a kan riga

A madubi na yau da kullum cikin ƙwayar fili ne kamar gilashi. Amma in an harba mata zarrar lantarki a cikin na'ura, sai ta yi haske, kuma hasken ba ɗaya ba ne ko'ina. Nan hoton ke bayyana, nan kuma ake bambance gwani da ɗan koyo.

Zirkon da ya tsiro a cikin narkakken dutse yakan nuna layuka sirara a jere, fari da duhu, suna bin siffar ƙwayar kamar ɓawon albasa. Wanda ya shiga rikiɗa kuwa yakan fito da wata kama. Cibiyar mai layuka tana nan, amma an cinye gefenta, an yanke layukan, sa'an nan wani sabon zirkon ya lulluɓe ta, sumul ba zane, ko mai dabbare-dabbare kamar gajimare. Abin da ya faru shi ne zafi da ruwan da ke ratsa dutse sun narkar da gefen tsohuwar ƙwaya, ko kuma wasu ma'adinai sun rushe sun saki zakoniyom ɗin da ke jikinsu, ya zo ya kwanta a kanta. Kowace babbar wuta da ƙwayar ta shiga, tana iya fitowa da sabuwar riga a kan ta da. Kowace riga kuma da nata agogon, wanda ya fara tafiya ranar da aka ɗinka ta.

Kafin a samu hanyar taɓa riga ita kaɗai, narkar da ƙwayoyi ake yi da yawa a asid a auna su jimla. Wannan kamar a haɗa shekarun kaka da na jika ne a raba biyu, a samu lambar da babu mai ita a gidan. Thomas Krogh a Toronto ta Kanada ya rage matsalar a 1982 da dabarar goge bayan ƙwayoyi da iska har ɓawon ya fita. A 2005 James Mattinson a Kalifoniya ya zo da wata: a gasa ƙwayar a tanda, sa'an nan a bar asid ya cinye wuraren da suka lalace, a auna lafiyayyen da ya rage. Da wannan hanya kuskure kan sauka zuwa kashi ɗaya cikin dubu.

Babban juyi ya zo daga Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, inda Compston da abokan aikinsa suka ƙera na'urar SHRIMP, ta fara aiki a farkon shekarun 1980. Sunan a Turanci jatan lande yake nufi, alhali na'urar ta cika ɗaki. Tana harba zarrar oksijin a kan ɗigon da faɗinsa bai kai rabin kaurin gashin kai ba, ta kankaro 'yan zarra daga wurin, ta jera su bisa nauyi ta ƙirga. Cikin kwata na awa ko fiye kaɗan, ɗigon ya faɗi shekarunsa. Ana iya tambayar cibiya, a matsa gefe a tambayi riga. Da ita aka ji amsoshi huɗun dutsen Sones. Yau akwai na'urori masu amfani da hasken leza da ke taɓa ɗaruruwan ɗigo a yini. Duk da haka kowace na'ura sai an riƙa gwada ta da zirkon da aka riga aka tabbatar da shekarunsa, kamar na Temora a Ostareliya mai shekara miliyan 417, yadda mai sikeli na gaskiya ke gwada sikelinsa da dutsen awo.

Na'ura dai ba ta zaɓar inda za ta harba. Mutum ne ke riƙe da hoton, yana kauce wa tsaga, yana kauce wa ɗigon wani ma'adini da ya maƙale, yana lura kada ɗigon ya hau kan iyaka ya ɗebo rabin cibiya rabin riga. Wanda ya taka iyaka zai samu lamba mai kyan gani, ta zamanin da babu abin da ya faru a cikinsa.

Wa ya ci a kwano ɗaya da shi?

A ce riga ta ba da shekara miliyan 600. Tambayar da ke biye ta fi wuya: a wane hali dutsen yake a lokacin? Yana nutsewa ne, ko yana tsakiyar wuta, ko yana hanyar dawowa? Masana sun gano cewa sau da yawa zirkon ba ya tsirowa a ƙololuwar zafi. Yakan jira sai narkakken ɓangaren dutsen ya fara hucewa. Wanda ya ɗauki shekarar riga a matsayin ranar ƙololuwa ba tare da hujja ba, ya yi shaidar zur da lamba ta gaskiya.

Hujjar tana cikin 'yan sinadaran da ƙwayar ta haɗiya. Yaran da suka tashi suna ci a kwano ɗaya sun san cewa in babban wa yana wurin, nama ba ya kaiwa ga ƙanana. Haka ma'adinai suke. Jan dutsen nan da ake kira ganet, wanda ke tsirowa cikin zafi da matsi, yana da haɗamar wasu sinadarai masu nauyi irin su itabiyom da lutetiyom. Zirkon ma yana son su. In riga ta zo da ƙarancinsu, alama ce ganet yana zaune a bakin kwanon lokacin da take tsirowa. Shi kuma felsfa, farin ma'adinin da ya cika duwatsu, yuropiyom yake wawashewa. Amma felsfa irin na filajiyokilas ba ya rayuwa a matsi mai tsanani. In riga ta zo da rabonta na yuropiyom cikakke, to an ɗinka ta ne a zurfin da shi ya riga ya rushe. Daniela Rubatto, masaniya 'yar Italiya, tana cikin waɗanda suka kafa wannan hanyar karatu, musamman da aikinta na 2002. Akwai kuma awon toriyom da yuraniyom: a rigar rikiɗa toriyom yakan gaza kashi ɗaya cikin goma na yuraniyom, domin wasu ma'adinai sun riga shi ɗauka. Gwani ya san wannan alama ce kawai, tana karyewa a duwatsun da suka sha zafi mai tsanani. A 2005 Bruce Watson da Mark Harrison suka ƙara ma'aunin zafi: yawan taitaniyom da zirkon ya karɓa yana ƙaruwa da zafin da ya tsiro a ciki.

Mafi daɗin hujja ita ce baƙon da ƙwayar ta rufe a ɗaki. A tsaunukan Dabie da yankin Sulu na gabashin Sin, wani ɓangaren ƙasa ya nutse ƙarƙashin wani a zamanin da ginshiƙin ƙasar Sin ta Kudu ya yi karo da na Sin ta Arewa. Yawancin duwatsun da suka dawo sama sun wanke jikinsu tas, babu alamar zurfin da suka je. Sai masana, cikinsu har da Liu Fulai, suka leƙa cikin zirkon, wasu daga rijiyar binciken da aka haƙa a Donghai mai zurfin fiye da mita 5,000. A cibiya suka tarar da kwaz na yau da kullum, da shekaru miliyan 700 zuwa 800. A rigar tsakiya suka tarar da kowesait, wato kwaz da matsi ya sauya wa tsari, wanda a irin waɗannan duwatsu ba ya samuwa sai a zurfin wajen kilomita 90 ko fiye, da shekaru wajen miliyan 230. A rigar waje kwaz ya dawo, shekarun kuma sun ragu da miliyan goma sha wani abu zuwa ashirin. Haihuwa, nutsewa, dawowa, duka a ƙwayar da numfashi zai iya hurewa daga tafin hannu. A Kokchetav ta Kazakistan kuwa abin da zirkon ya rufe a ɗaki lu'ulu'u ne 'yan mitsi-mitsi, shaidar tafiyar da ta fi wannan zurfi, wajen shekara miliyan 530 da suka wuce.

Gwani ma ana yi masa gyara

Labarin Sones bai tsaya a 1986 ba. Duwatsun yankin, waɗanda ake kira rukunin Napier, sun sha zafin da ya haura digiri 1,000, irin wanda ɓawon duniya bai cika gani ba. Masana sun daɗe suna jayayya kan wace riga ce ta wannan babbar wuta, kafin mafi yawansu su tsaya a wajen shekara miliyan 2,500. A 1997 Simon Harley da shi Black ɗin da kansa suka sake duba lissafin, suka sauko da shekarar haihuwa zuwa kusa da miliyan 3,800. Daga baya Monika Kusiak, masaniya 'yar Polan, da abokan aikinta suka nuna dalilin da ke sa wasu ɗigo su yi zuƙu: a cikin tsananin zafin, dalma ba ta fita daga ƙwayar ba, amma ta tashi daga gurbinta ta dunƙule wuri-wuri, har ta zama 'yan ƙwallayen ƙarfe da ido ba ya gani, kamar yadda suka bayyana a 2015. Ɗigon da ya faɗa kan dunƙulen sai ya zama tsoho fiye da gaskiya, na kusa da shi kuma yaro.

Abin burgewa a nan shi ne mutumin da ya faɗi lambar farko yana cikin waɗanda suka gyara ta. Sana'ar da ke koya wa mutum tuhumar dutse tana koya masa tuhumar kansa.

Tsohon da ke kwance a Kabala

Wannan aiki ya taɓa ƙasarmu ma. Tsofaffin duwatsun da ke ƙarƙashin Kano da Zariya da Kaduna da Zamfara sun sha wata gagarumar rikiɗa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon ginshiƙin ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da yankin da ke gabas da shi. Sawun wannan karo ya miƙe daga Hoggar a Aljeriya, ya ratso Azbin a Nijar, ya bi ta Nijeriya har arewa maso gabashin Barazil, wadda a lokacin manne take da Afirka. Manyan duwatsu irin Kufena na Zariya 'ya'yan wannan zamani ne. Agogo masu saurin mantuwa, irin na bayotait, shekarun hucewar wannan wuta suke ta maimaitawa, kamar ba a yi komai kafinta ba.

Zirkon ne ya tona. A 1994 Olivier Bruguier da Silas Dada da Joël Lancelot suka auna ƙwayoyi daga nais na Kabala a Kaduna. Suka ce dutsen shekarunsa wajen miliyan 3,050 ne, amma yana ɗauke da ƙwayoyin da suka haura miliyan 3,500. A 2001 Alfred Kröner na Jami'ar Mainz a Jamus, da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba, da Robert Pidgeon na Jami'ar Curtin a Ostareliya, suka tambayi dutsen Kabala da na'urar SHRIMP, suka samu shekara miliyan 3,571, da kuskuren miliyan uku sama ko ƙasa. Su kuwa suka ce wannan ita ce haihuwar dutsen kansa, suka lissafa shi cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma.

A lura da inda bambancin yake. Duka ɓangarorin biyu sun ga tsofaffin ƙwayoyin, kuma lambobinsu sun yi kusa. Abin da ya raba su shi ne fassara: waɗannan ƙwayoyi 'ya'yan dutsen ne, ko gado ne ya ci daga wani dutsen da ya narke ya ɓace? Sikeli ba ya yanke wannan hukunci. Mai yanke shi sai wanda ya san siffar cibiya da ta riga, ya ƙirga nawa ne suka faɗi kaza nawa suka faɗi kaza, ya tuna yadda dutsen ke kwance a inda aka farfaso shi, sa'an nan ya faɗi ra'ayinsa tare da iyakar abin da hujjarsa ta kai.

A kan wannan nake sara wa masu sana'ar. Lamba kowa zai iya karantawa daga allon kwamfuta. Su kuwa sukan yi makonni suna niƙa da tankaɗe da tsinta, don su zauna gaban ƙwaya ɗaya su tantance wace riga ce ta wace wuta. Ko wace fassara aka bi a Kabala, ƙwayoyin nan sun riga wutar shekara miliyan 600 da kusan shekara biliyan uku, sun shiga cikinta sun fito da lissafinsu. Suna nan a kwance a bakin kogin Kaduna, a cikin dutsen da rani ke fitarwa damina ta rufe, ana wucewa ta kansu da safe za a kasuwa.